Babi-Babi a Saman Tsani

Duk faɗin unguwar, in fanka ta ƙi juyawa, mutum ɗaya ake nema, wato Babi-Babi. Gyaran fanka ne sana'arsa, kuma tsakani da Allah ya iya. Amma kada ka kuskura ka kira shi mai gyara a gabansa, domin shi dai marubuci ne. Shekara bakwai ya yi yana rubuta littafi guda, kuma komai ya faru, ko akuya ce ta tsallaka titi, sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Wannan babi ne guda a littafina." Daga nan sunan ya bi shi, har aka manta na gaskiyar.

Matarsa tela ce, kowa Anti Tela yake ce mata. Kekenta na nan a bakin tagar ɗakinsu na haya, kuma ita ke kwashe takardun da yake dunƙulewa yana jefarwa in ilhama ta ƙi zuwa.

Ranar da ya kammala littafin, bai tsaya wata-wata ba, ya sa aka sake fentin allon shagonsa. Aka rubuta da manyan baƙaƙe MARUBUCI, can ƙasa kuma da ƙanana, "ana kuma gyaran fanka." Sannan ya rungumi shafi ɗari uku ya kai wa Malama Edita, wata tsohuwar malamar makaranta da ta buɗe ɗan ofishin buga littattafai a saman kantin magani. Bayan mako guda ya koma yana taku ɗaiɗai.

"Na karanta," in ji ta.

"Har ƙarshe, Malama?"

"Har shafi na arba'in, sannan barci ya cece ni." Ta gyara tabarau ta buɗe wani shafi. "Mutanenka duk bakinsu ɗaya. Ga ɓarawo ya haura gida, ya ce da mai gidan, 'Bisa la'akari da halin da ake ciki, ina mai buƙatar ka miƙo talabijin.' Ga yaro ɗan shekara uku yana ce wa uwarsa, 'Haƙiƙa yunwa ta yi mini katutu.' Wanda ya mutu a babi na biyu ma sai da ya yi jawabin godiya ga mahalarta."

"Ai salo ne, Malama."

"Salon ciwon kai ne. Mutum ba baki ɗaya gare shi ba. Maganarsa a kasuwa daban, gaban surukinsa daban, in ya rufe ƙofarsa kuma daban. Je ka saurari mutane. Na ba ka wata guda, ka tara jama'a ka karanta a gabana. In na ji mutane masu rai, zan buga. In ban ji ba, ka riƙe fankarka da kyau."

Da ya isa gida ya zauna ya harɗe ƙafa. "Ta ce tunda take ba ta taɓa ganin littafi irinsa ba."

"Wannan kam na yarda," in ji Anti Tela, ko ɗagowa ba ta yi daga ɗinkinta ba.

"'Yan gyare-gyare ne suka rage, kuma na riga na gano bakin zaren. Kin san ba wanda ke kallon sama? In na hau tsani, minti biyar ya isa a manta da ni. Zan ji muryar kowa ta cikin ɗaki, wadda yake ɓoyewa."

"To ai fankokin unguwar lafiyarsu lau."

"Za su yi rashin lafiya."

Anti Tela ta tsinke zare da haƙori. "An ce baki shi ke yanka wuya. Kai kuma ina ga kunnenka ne zai yanka naka."

Washegari ya zaga gida-gida yana shelar duba lafiyar fanka kyauta. Kowa kuwa na son na banza. Duk fankar da ya taɓa sai ya sassauta noti guda, kwana biyu ta fara ƙara kamar injin niƙa, a aiko a kira shi.

Wanda ya fara aikowa shi ne Baba Mai Gida, mamallakin gidan hayar da suke ciki. Gajere ne mai gashin baki, kuma in ya fito tsakar gida da safe har kaji natsuwa suke. Ranar ma Babi-Babi ya tarar da shi yana aikin nasa: "Kai! Wane mara mutuncin ne ya shanya wando a igiyata? Gidan ubanku ne? Ku yi wasa da ni ku ga kayanku a titi!"

Babi-Babi ya kafa tsani a falon Baba ya hau. Ba a jima ba sai ga matar Baba, wadda 'yan haya ke kira Mama, ta shigo riƙe da kofi.

"Wa ya shanye madarar da na ajiye?"

Wata 'yar siririyar murya ta amsa, har Babi-Babi ya leƙo ya ga ko wani ne ya shigo. Baba ne. "Wace madara, hasken idona?"

"Goge gashin bakinka tukuna."

"Ɗanɗanawa na yi, ranki ya daɗe, don kada a ce ta lalace ta cuce ki."

"Ungo, wanke kofin."

"Har tukunyar zan haɗa, ki huta abinki."

Babi-Babi ya ɗora littafinsa a kan fiffiken fanka yana rubutu. Dariya ta taso masa, ya cije sukudireba don ya danne ta. Notin da ke hannunsa ya suɓuce, ya faɗa ƙwal cikin kofin da Baba ke riƙe. Baba ya ɗaga kai, nan take muryar tsakar gida ta dawo.

"Kai! Tun yaushe kake nan?"

"Yanzun nan na hau, Baba. Kuma ni in ina aiki kunnena toshewa yake, gado ne a gidanmu."

Na biyu shi ne Hedimasta. Wannan bawan Allah ko albasa zai saya sai ya ce, "A bisa ƙa'ida, kuma daidai da tsarin ciniki, nawa ne kashin nan?" Yana zaune da tsohuwarsa, wadda ta haura tamanin amma sandarta ba ta tsufa ba. Babi-Babi ya ga tsani ya yi kusa da ido, sai ya ce matsalar waya ce, dole ya shiga cikin silin. Ya shige ta 'yar ƙofar sama, ya kwanta rub da ciki cikin ƙura da kashin ɓera, ya kasa kunne.

"Kumatu!" tsohuwar ta kira. "Zo nan. Ka sha maganin tarin?"

"Inna, ɗaci gare shi."

"Buɗe baki."

"Inna mana! To sai kin ba ni sukari in na sha."

"Ka ga ja'irin yaro. Ce aaa."

"Aaa."

Mutumin da malamai goma sha biyu ke miƙewa tsaye in ya shigo! Babi-Babi ya matsa don kada ko kalma ta wuce shi, ya ɗora gwiwa inda babu katako. Silin ya ɓurma, ƙafarsa ta zuro har cinya, tana reto daidai kan tsohuwar. Ita kuwa ba ta tambayi kowa ba, ta ɗaga sanda ta shiga aiki tana ihun ɓarawo.

Hedimasta ya haɗiye maganin, ya gyara wuyan riga, ya dubi sama. "A bisa ƙa'ida," ya ce, "ƙafar wane ne wannan?"

Da ya dawo gida yana ɗingishi, maƙwabta suka fito kallo. Mai shayin bakin titi ya ɗaga murya, "Marubuci, wannan kuma babi na nawa ne?" Ya yi kamar bai ji ba. Anti Tela ta karɓi wandon ta duba yagewar.

"Littafin ne ya cije ka?"

"Ke ba ki san darajar bincike ba. Manyan marubuta har kurkuku suke shiga."

"Saura ƙiris, ai ka kama hanya."

Na uku shi ne Mai Nama, ƙaton mahaucin da ba a taɓa ganin haƙoransa ba. A kasuwa maganarsa ba ta wuce, "In za ka saya saya, in ba ka saye matsa, nan ba gidan kallo ba ne." Shi da kansa ya zo shago ya ce fankar ɗakin baƙonsa ta lalace, kuma baƙon ba ya jure zafi. Babi-Babi ya saɓi tsani ya bi shi. Da aka buɗe ɗakin sai ga baƙo kwance a kan tabarma: wani farin rago, ya yi ƙiba har wuya ya ɓace.

"Yi aikinka, ban da surutu," in ji Mai Nama.

Minti biyar bai cika ba ya manta da mutum a sama. Ya durƙusa yana shafa goshin ragon. "Ɗan lelena, zafi ko? Yi haƙuri, yanzu iska za ta zo. Wa ya taɓa min kai? Kada ka kalli wuƙar can, ba taka ba ce, har abada ba taka ba ce. Ci ɗan ganye mana, don ni."

Wannan karon dariyar ta fi ƙarfin sukudireba, ta fito ta hanci. Mai Nama bai ji ba, amma ragon ya ji. Ya miƙe, ya ja da baya taku uku, ya auna tsanin, ya ba shi gware. Tsani ya tafi, Babi-Babi ya cafki fiffiken fanka da hannu biyu, ya shiga juyawa a hankali yana salati. Mai Nama ya ruga a guje, ya wuce shi, ya rungumi ragon yana duba ƙahonsa ko ya ji ciwo.

Kafin wata ya cika, sabon littafi ya haɗu, ƙugu kuma ya ƙi miƙewa. Fankokin unguwa duk suna ƙara, domin ya sassauta da yawa har ya manta na wa da na wa. Anti Tela ta ɗauki shafi guda ta karanta, ta ajiye a hankali.

"Baban yara, za su gane kansu."

"Ina! Ai na ɓad da kama. Mai gidan haya na littafina dogo ne, Baba kuwa gajere. Hedimasta na mai da shi shugaban kwaleji. Ragon ma baƙi na yi shi."

"Mahaucin fa?"

"Na sa masa hula."

Ta koma kan kekenta.

Aka sa ranar Asabar da yamma. Hedimasta ya ba da aron babban ɗakin taron makaranta, Baba Mai Gida ya ba da kujeru, domin an gaya musu za a ambaci sunansu cikin manyan baƙi. Da safe Babi-Babi ya je ya yi wa fankoki huɗu na ɗakin gyara na musamman, yana cewa yau za su yi gudun da fanka ba ta taɓa yi ba. Babu wuta a lokacin, don haka bai gwada ba, ya murɗa makunnin har ƙarshe ya bar shi a haka.

Ɗaki ya cika maƙil, kowa na fifita da abin da ya samu. A layin gaba ga Baba da Mama, ga Mai Nama ya cika kujera ɗaya da rabi, ga Malama Edita da jakarta a cinya. Hedimasta ya yi jawabin buɗe taro na rabin awa a bisa ƙa'ida. Sannan Babi-Babi ya miƙe cikin sabuwar rigar da matarsa ta ɗinka, ya baje takardu a tebur, ya yi gyaran murya.

Ya fara da mai gidan haya, dogo, wanda ke zaune a wani gari mai nisa. Ya kwaikwayi tsawarsa ta tsakar gida, 'yan haya suka fara satar kallon juna. Sai ya maƙale murya ya karanto, "Wace madara, hasken idona?"

Mama ta yi wata irin shewa ta buga cinya. "Wallahi madarata ce! Karanta wajen tukunyar!"

Ɗaki ya ɗauka. 'Yan hayan da suka shekara goma suna haɗiye dariya suka sake ta gaba ɗaya. Baba ya miƙe, gashin bakinsa na rawa.

"Baba, dogo ne fa!" in ji Babi-Babi. "Na littafin dogo ne, ga shi nan a rubuce!"

Sai a lokacin ya ga abin da matarsa ta hango. Ya kai hannu zai tattare sauran takardun ya cusa a riga. Daidai nan aka kawo wuta. Fankoki huɗu suka tashi lokaci guda da wani irin gurnani, kuma gaskiya ya cika alkawari, fanka ba ta taɓa irin wannan gudun ba. Huluna suka tashi, ɗankwalaye suka bi su, shafi ɗari biyu suka watsu ko'ina cikin ɗakin. Kowa ya cafki nasa.

Wata mata daga tsakiya ta karanta da ƙarfi, "Kumatu, buɗe baki, ce aaa!"

Tsohuwar Hedimasta, da ke zaune can baya, ta ɗaga sanda. "Wa ke kiran ɗana? Ai ya sha na yau, har da sukarinsa."

Malamai goma sha biyu suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na girgiza. Hedimasta ya buɗe baki zai ce a bisa ƙa'ida, ƙa'idar ta ƙi fitowa.

Mai shayi ya hau kan benci da nasa shafin. "Jama'a, ku ji wannan! 'Ɗan lelena, kada ka kalli wuƙar can, ba taka ba ce.' Wai mahauci ne mai hula ke lallashin rago!"

Kowa ya juya ya kalli Mai Nama. Shi kuwa ya tashi a hankali, kujerar ta biyo shi, ya cire ta ya ajiye.

Su uku suka ritsa Babi-Babi a jikin allo. Ido ya raina fata. Ya zube gaban Baba: "Ranka ya daɗe, uban marayu, tuba nake, ni da ɗakina duk naka ne, a yi min aikin gafara." Ya juya ga Hedimasta ya miƙe ƙyam: "Yallaɓai, bisa la'akari da 'yancin adabi, ina mai jan hankalinka cewa kamanceceniya ce kawai." Ya waiga ga Mai Nama ya washe baki: "Haba mutumina, kai ma ka san harkar, wasa ne, ya jikin ɗan lelen?" Ya hango mai shayi na ƙyaƙyatawa, ya daka masa tsawa: "Kai kuma uban wa kake wa dariya, matsiyaci?" Sannan ya leƙa ta ƙarƙashin hammatar Mai Nama ya yi raɗa: "Maman yara, ki rufa min asiri, ina ƙofar baya?"

"Tsaya!"

Malama Edita ce. Ta cire tabarau tana share hawaye. Wani ya kashe fankokin, ɗaki ya yi tsit.

"Mutanen cikin takardun nan suna da rai," ta ce, "don ga su nan tsaye za su ɗauke naka. Amma ba ƙirƙira ka yi ba, sata ka yi daga saman tsani, ni kuwa ba na buga asirin mutane. Wanda nake so shi ne wannan da na gani yanzu, mai baki biyar a minti guda. Maimaita min in rubuta."

Babi-Babi ya karkaɗe gwiwa. "Wa? Ni? Malama, ni baki ɗaya gare ni. Yadda nake magana da babba haka nake yi da yaro, kowa ya shaide ni."

Sai Anti Tela ta miƙe daga layi na uku. Ta gyara mayafi, ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, uban marayu," da muryar mijinta sak, har da rawar leɓen. Ta jero duka biyar ba ta zubar da ko kalma ba. Ta ƙara da yadda yake gaida mahaifiyarta kamar mai ciwon haƙori, da yadda yake cika baki a shago, da muryar da yake yi in ya dawo da yunwa ya tarar ba ta sauke tukunya ba. Mutane suka riƙa faɗowa daga benci. Baba ya manta da fushi yana riƙe ciki, kuma ranar aka fara ganin haƙoran Mai Nama.

"Maman yara, asirin cikin ɗaki ne fa!" in ji Babi-Babi.

"Ashe wanzami ba ya son jarfa," in ji Mama.

"Ya ce ba mai kallon sama," Anti Tela ta ce da Edita. "To mai keke ma ba mai kallonta. Shekara goma sha biyar ina ɗinki ina ji."

"Kin iya rubuta shi?"

"Na riga na rubuta, Malama. Takardun da yake jefarwa, bayansu fari ne."

"Kawo min ranar Litinin. Amma sai in mai bakin ya yarda, don na ce ba na buga asirin mutane."

Duk ɗaki ya zuba wa Babi-Babi ido. Ya dubi Mai Nama, ya dubi sandar tsohuwa, ya dubi ƙofar da ta yi masa nisa. "Sunana zai fito?" ya tambaya.

"A kowane shafi."

"To a buga."

Sati biyu ya yi yana bin gida-gida yana ɗaure notin da ya sassauta, kyauta, ya kuma lafta wa silin Hedimasta sabon katako. Har yau in zai hau tsani a falon Baba, sai Mama ta toshe masa kunne da auduga da hannunta.

Littafin ya fito bayan wata huɗu, da sunan Anti Tela a bango. Mutane suka zaci zai ɓuya don kunya. Ina! Duk wanda ya kawo fanka sai ya zaro kwafinsa daga aljihu ya buga a tebur. "Ka karanta? Shafi ɗari da ashirin, babu inda ba ni. Ita fa rubutu kawai ta yi, maganar duk tawa ce."

Allon shagon ma bai sauke shi ba. Ya kira mai fenti ya ƙara kalma ɗaya a gaba, ya gyara ƙarshen ta biyun. In ka bi ta layin yanzu za ka gan shi da manyan baƙaƙe: MIJIN MARUBUCIYA, can ƙasa kuma da ƙanana, "ana kuma gyaran fanka."